Wayar haƙori: yadda muka jira lokacin 'yata ya yi

Ciwon turmi ne ya fara kai mu wurin likitan haƙori. 'Yata ta biyu tana da shekara 8 a lokacin, wani haƙorin yarinta na can ciki ya yi rami, dare ya yi sai ta hana kowa barci. Ni dai a cire shi na je nema, tunda ko ba jima ko ba daɗe zai faɗi da kansa. Likitan ya duba ya ce ba zai cire ba, cikewa zai yi. Wannan turmin, in ji shi, wuri yake riƙe wa wanda zai gaje shi, magajin kuma ba zai fito ba sai wajen shekara 11 ko 12. In aka cire yanzu, babban turmin da ke bayansa zai matso gaba ya cinye filin, ranar da magajin ya tashi fitowa sai ya rasa hanya ya ɓullo ta gefe. A wurinsa na ji cewa wancan babban turmin, mai fitowa a shekara 6, na dindindin ne. Ba ya jiran wani ya faɗi, bayan haƙoran yarinta 20 ɗin nan yake tsirowa shiru, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗauka na yarinta ne su bar shi ya ruɓe.

Da ya gama sai ya ce mata ta ciji haƙora, ya ɗaga leɓenta ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hajiya, akwai abin da ya kamata masu gyaran jerin haƙora su gani." Ya rubuta mana takarda zuwa sashen kula da haƙoran yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Abin da ya gani ba sabo ba ne gare ni. Tun da ta yi famfara, haƙoran gaba na sama suka fito manya, sun turo gaba, ga wushirya mai faɗi a tsakaninsu. In ta zauna tana kallo, bakin a buɗe yake, leɓen ƙasa ya shige bayan haƙoran sama. In an ce ta rufe tana iyawa, amma sai an ga haɓarta ta tattare saboda ƙoƙari. Ga tsotson babban yatsa, wanda ta daina da rana don kunyar 'yan ajinsu, amma da dare yana nan. A gida ra'ayi ya kasu. Hajiya, mahaifiyar Abbansu, cewa take yi wushirya ado ce, mata nawa ke so ba su samu ba, girman haƙoran kuma fuska ce ba ta gama cim musu ba. Ni kuwa na riga na ji sunan da yara suka laƙaba mata a makaranta, na kuma lura ta koyi sa hannu a baki in za ta yi dariya.

Likitar da muka samu mace ce, kuma tambayoyinta sun fi dubawarta tsawo. Tana minshari? Da hanci take numfashi ko da baki? Ta taɓa faɗuwa ta bugi haƙori? Akwai mai irin wannan bakin a danginku ko na mahaifinta? Tana da sikila? Wannan ta ƙarshen ta ba ni mamaki, sai ta yi bayani cewa a wasu yara masu sikila ƙashin muƙamuƙin sama yakan girma ya turo gaba, aikinsu kuma yana bukatar lallaɓawa ta musamman. 'Yata ba ta da ita. Sannan ta ɗauko wani ɗan ƙaramin ma'auni ta auna tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Ta ce abin da aka saba gani milimita 2 ne zuwa 3. Na 'yata 8. Aka ɗauki hotunan fuska da na cikin baki, aka tura mu hoton ƙashi iri biyu, ɗaya ya ɗauko muƙamuƙai gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne, ɗayan ya ɗauko kai daga gefe.

Hoton farkon nan ya tsaya mini a rai. Ƙarƙashin kowane haƙorin yarinta ga magajinsa kwance cikin ƙashi, wasu sun kusa, wasu ko saiwa ba su gama yi ba. Likita ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ta ce babu wanda ya ɓace, babu kuma na ƙari da zai tare wa wani hanya. Ta nuna mini fiƙoƙin sama, can kusa da gefen hanci, suna danna saiwoyin haƙoran gaba. Wannan dannawar ce ke baza kawunansu ta buɗe wushirya a wannan shekarun, in fiƙoƙin suka sauko wajen shekara 11 zuwa 12 sukan matse giɓin ya ragu, wani lokaci ma ya rufe gaba ɗaya. A nan Hajiya ta yi gaskiya, kuma na gaya mata haka da muka koma. Hoton gefen shi ya nuna ainihin matsalar: tsotson yatsa ya tura haƙoran sama gaba, muƙamuƙin ƙasa kuma ya ɗan yi baya tun asali.

Na tambaye ta kai tsaye ko yarinyar tana bukatar waya. Ta ce tana bukata. Akwai wani ma'auni da aka tsara a Ingila a 1989 mai hawa biyar, hawa na ɗaya baki lafiya lau, na biyar mai tsanani. Tazarar da ta haura milimita 6 zuwa 9 hawa na huɗu ce, wadda ta wuce 9 na biyar. A can, hukumar lafiyar gwamnati da wannan ma'aunin take tantance yaran da za ta yi wa kyauta. 'Yata tana hawa na huɗu, ke nan ba zancen kwalliya ba ne. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ba yanzu ba."

Raina bai so wannan amsar ba. Na ce, "Likita, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ta ce akwai bakin da haka ne, kuma da irinsa muka kawo ba za ta bar mu mu tafi ba. Yaron da haƙorin sama yake cizo ta bayan na ƙasa, ko wanda sai ya karkata muƙamuƙi gefe kafin haƙoransa su haɗu, ko wanda haƙorin gaba ɗaya ya fito ɗan'uwansa ya maƙale wata da watanni, ko wanda aka cire masa turmin yarinta da wuri har sai an sa ƙarfen da zai riƙe gurbin, duk waɗannan ba a jira da su. Don a tsinto irinsu ne ƙungiyar likitocin gyaran haƙora ta Amurka ta ce a kai kowane yaro a duba shi kafin ya wuce shekara 7. Ta ce yawancin waɗanda aka duba a wannan shekarun ba abin da ake sa musu, sai dai a ce su riƙa dawowa. Irin na 'yata kuwa, lokacin da ya fi amsa gyara shi ne sa'ad da tsawo ya fara zuwar mata da sauri gab da balaga, domin a lokacin ne muƙamuƙin ƙasa ma yake saurin girma. Aikin da ta ba mu a ranar guda biyu ne: a raba ta da yatsa, a kuma tsare haƙoran daga ruɓewa.

Ban natsu ba, sai na kai ta wani asibitin kuɗi don jin ta bakin wani. Can ba a ɗauki hoton ƙashi ba, ba a auna komai ba. Aka leƙa bakin, aka faɗi farashi, aka ce in mun shirya a makon nan ma za a manna waya. Abin da zuciyata ke son ji ke nan, amma da na tambayi abin da za a yi da haƙoran yarinta da suka rage, waɗanda fiye da goma ne, amsar ba ta gamsar da ni ba. Na dawo gida da magana biyu masu karo da juna. Abbansu ya ce mu koma wurin ta farko tare, mu gaya mata an ba mu wata shawarar, mu ji hujjarta.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce an yi gwaje-gwaje a Amurka da Ingila kan yara masu turarrun haƙoran gaba. Wasu aka fara musu tun suna 7 zuwa 11 sannan aka sake zagaye na biyu bayan sun girma, wasu aka bar su sai gab da balaga aka yi musu sau ɗaya. Da cibiyar Cochrane, mai nazarin binciken lafiya, ta tattara sakamakon, sai aka ga a ƙarshe bakunan sun tashi kusan iri ɗaya. Waɗanda aka fara wa da wuri sun fi daɗewa cikin jinya, iyayensu sun fi kashe kuɗi, yaran kuma sukan gaji kafin a zo zagayen da ya fi muhimmanci. Riba ɗaya aka samu a farawa da wuri, kuma ba ta ɓoye mana ita ba: an sami raguwar karyewar haƙoran gaba. Yaron da tazararsa ta wuce milimita 3, haɗarin ya fasa haƙori in ya faɗi ya kai ninki biyu na sauran yara. Ta ce, "Wannan shi ne abin da za ku auna. In yarinyar mai guje-guje ce, ko tsokanar da ake mata ta kai ta ƙin makaranta, zan fara yanzu, kuma ina da hujja. In ba haka ba, shawarata a jira."

Wannan maganar ta sa na mutunta ta, domin ta nuna mana inda jiran ke da haɗari ta kuma bar mana zaɓi. Mun kwana muna shawara. Yarinyar ba mai ƙiriniya ba ce, wasanta na zaune ya fi yawa. Na zaunar da ita na tambaye ta game da makaranta. Ta ce sunan yana ɓata mata rai, amma tana da ƙawayenta, kuma ba ta son a sa mata ƙarfe a baki yanzu. Na je na ga malamar ajinsu a kan tsokanar, ta kuwa tsawata. Muka zaɓi jira.

A tsakiyar wannan ne Hajiya ta ɗago wata magana mai nauyi. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke, wannan abin da kuke shirin yi, ba canza halittar Allah ba ne?" Ba tambayar da zan amsa da ka ba ce, sai Abbansu ya kai ta wurin malaminsu. Malam ya ce hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi magana ne a kan mata masu goge haƙoransu don su buɗe wushirya saboda ado. Gyaran aibi ko kawar da cuta wani babi ne daban, ya kuma kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya. Yarinyar da leɓenta ba ya rufuwa, haƙoranta na cikin haɗarin karyewa, magani ake nema mata. Hajiya ta gamsu, daga baya ma ita ce ta fi kowa tuna mana ranar asibiti.

Raba ta da yatsa ya ɗauki watanni. Ban shafa mata maɗaci ba, ban yi mata faɗa ba, domin cikin barci take yi ba da saninta ba. Safa muke sa mata a hannu mu ɗaure da sauƙi a wuyan hannun, da safe ta yi alama a kalanda in ta tashi safar na nan. Da ta daina, cikin shekara tazarar ta ɗan ragu da kanta, ko da yake muƙamuƙin na nan yadda yake. Duk wata shida muna komawa. Likita takan duba tsaftar bakin kafin komai, kuma ta faɗa wa yarinyar a gabana cewa ba ta sa waya a bakin da ba a gogewa, domin datti yana taruwa a gefen ƙarafan ya bar farin tabo a haƙori wanda ba ya fita. Da yarinyar ta kai shekara 10 sai likita ta fara lalubar dasashi da yatsa, tana neman tudun fiƙoƙin sama. In ba a ji su a wannan shekarun ba, akan sake hoto, don fiƙa na cikin haƙoran da suka fi ɓatan hanya su maƙale a ganɗa. Nata duka biyun suna kan hanya. Ta kuma ce mu riƙa auna tsawonta a jikin bango, mu kawo mata lissafin.

Jiran ya yi mana wani amfani na daban, wato tanadi. Aikin nan kuɗi ne masu yawa, ga na mota, ga ranakun da za a bar aiki. Na shiga adashi musamman dominsa, muka kuma tambaya tun da wuri yadda ake biya kashi-kashi.

Tana shekara 11 da 'yan watanni alamomin bango suka fara nisa da juna, kayanta suka ɗage. Likita ta ce lokaci ya yi, kada mu bari sai ta fara al'ada, domin mafi saurin girman yakan riga ta. Sai ga wata matsalar da ba mu hango ba. Shekarar ce za ta shiga ajin farko na sakandare, kuma mun daɗe da niyyar kai ta makarantar kwana kamar yayarta. Mai jinyar gyaran haƙori kuwa duk mako huɗu zuwa takwas sai an gan shi, in wani abu ya karye kuma ba a jiran hutu. Abbansu ya so kwanan, ni ma na so. Muka duba muka ga makarantar kwana tana nan ko bayan shekara uku, wannan girman kuwa sau ɗaya yake zuwa. Muka sa ta a jeka-ka-dawo.

Ba da waya aka fara ba. An ɗauki awon bakinta aka ƙera mata wasu robobi biyu masu tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne da tudu mai gangare, ta yadda ba za ta iya rufe baki ba sai ta turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Sunansu Twin Block, wani likita ɗan Sikotilan mai suna William Clark ne ya ƙirƙiro su a 1977. Likita ta faɗa mana gaskiyar abin da suke yi: mafi yawan gyaran daga karkatar haƙora yake zuwa, ƙarin girman ƙashin kaɗan ne, kuma in ba a sa su dare da rana ba babu abin da za su yi. Makonnin farko sun yi wuya. Yawu ya yi ta taruwa, magana ta sauya, har ta yi kuka ta ce, "Umma, ba zan iya zuwa da shi makaranta ba." Inda ya fi damun ta shi ne Islamiyya, domin haruffa irin su sin da sad ba sa fita daidai. Na yi wa malaminsu bayani, likita kuma ta yarda ta riƙa cirewa lokacin bayar da hadda ta mayar da zarar ta gama. A nan na ga amfanin shekarun da ta ƙara. Da tana 8 da sai dai in tsare ta in tilasta mata. A 11 ita ke ɗaukar akwatin robar ta sa a jaka, domin ita ma ta fara ganin bambanci a madubi. Kafin shekara ta zagayo leɓenta yana rufuwa ba tare da ƙoƙari ba.

Wayar ta zo ne bayan haƙoran yarinta sun gama zubewa, tana 12 da rabi. Na ji tsoron za a ce sai an cire lafiyayyun haƙora don a sami fili, kamar yadda ake wa masu cunkoso sosai, amma nata bai kai nan ba, kuma turmin nan da aka ƙi cirewa ya riƙe gurbinsa har magajinsa ya fito daidai. Aka manna ƙananan ƙarafa a kan kowane haƙori aka zura siririyar waya. Babu allura, babu huda. Ciwon sai da dare ya zo, ya yi kwana biyu zuwa uku, kuma haka yake dawowa duk sa'ad da aka sauya waya. Farasitamol da kunu da fate suka raka mu. Likita ta ce matsin da wayar ke yi yana sa ƙashi ya narke kaɗan a gefen da haƙorin ya nufa, sabo kuma ya ginu a inda ya baro, kuma hakan ba ya wuce kamar milimita ɗaya a wata. In aka matsa fiye da kima don sauri, saiwa ce ke gajarcewa. Shi ya sa hankalina ke tashi in na ga 'yan mata da wayar da aka manna musu a shagon kwalliya don gayu. Wayar da ta taɓa haƙori tana motsa shi ko da wasa aka sa ta, mai sawa kuma ya kamata ya zama likitan haƙori mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN.

Abinci ne ya zama jarrabawa. Rake, goriba, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, kilishi, tuwon madara, cingam, duk aka ajiye su. Nama sai an yayyanka ƙanana. Don kada ta zauna tana kallon 'yan'uwanta, muka rage shigo da su gidan gaba ɗaya. Da azumi ya zo muka roƙa a mayar da sauyin waya zuwa yamma, don ciwon ya same ta bayan shan ruwa lokacin da za ta iya shan magani.

An cire wayar tana 14. Ranar aka ba ta mariƙi na roba mai haske da za ta riƙa kwana da shi, likita kuma ta ce wannan ba shi da ranar dainawa, domin haƙora suna neman komawa inda suka fito muddin mutum na raye. Wushiryar ta rufe, Hajiya har yanzu takan ce ta yi kewarta.

Sauran yaran ma duk mun kai su. Babbar tana da ɗan goyon haƙori a ƙasa, aka auna aka ce hawa na biyu ne, ba ta bukatar komai sai in ita ta so daga baya, ta ce ba ta so. Autan kuwa, da muka kai shi yana 7, sai aka tarar haƙorin gaba ɗaya na sama yana cizo ta bayan na ƙasa, har dasashin na ƙasan ya fara janyewa. Likitar nan da ta sa muka jira da yayarsa, shi ba ta jira ba. Ta sa aka ƙera masa roba mai ɗan siririn ƙarfe da ke tura haƙorin gaba, cikin 'yan watanni ya tsallako ya zauna a wurinsa, aka karɓe robar. Yanzu yana 9, ana duba shi duk wata shida, sai fiƙoƙinsa sun sauko za a san ko zai bukaci waya.